Wa Zai Wanke Sarkin Bori?

Filinge, 9 ga Agusta, 1983

Zuwa ga yayana Ibrah, a Abijan.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da matarka Fati da yara. Ƙaƙa kasuwa, ƙaƙa ruwan Kurmi da ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Hoton da ka aiko ya iso. Wallahi da ba don kunnuwanka ba da ban gane ka ba, tumbi ya yi gaba kai kana biye da shi. Ka ce wa Fati ta rage hannu.

Ka tambayi labarin Baba. Baba dai yanzu ya wuce inda ka bar shi. Tun da ya yi wa matar kumandan mai mulkin Filinge magani ta tashi, sojan nan ba ya jin maganar kowa a garin nan kamar tashi. Ran feti, bikin gwamnati, kujerar Baba tana cikin rumfar manya, ba a rana ba kamar da. Ƴan bori na Sanam da na Abala har da na wajen Damana duk sun dawo ƙarƙashin hannunshi, ba mai buga goge ko ƙwarya a ƙasar Kurfai sai da izinin Baba, Sarkin Bori Baƙo. In anka yi sata ko rikicin gona ya gagari biro, ofishin hukuma, nan ƙofar gidanmu ake turo mutane su dafa gatarin aradu su rantse. Rabinsu ba su kai ga dafawa, tun daga zaure suke faɗin gaskiya. Ƴan kasuwa da malaman lakwal masu koyar da boko, kowa zuwa yake, wasu da rana tsaka, wasu ta ƙofar baya. Ni da aurena ya mutu na dawo gida, hannuna ya kusa tsinkewa wurin tuƙa wa baƙi tuwo.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wani abu ya faru wanda ya hana ni sukuni, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Ka tuna Malam Isufu, mai makarantar allo a bayan mahauta? Shi kaɗai ne a unguwa bai taɓa taka zaurenmu ba, kuma yakan faɗa a karatunshi cewa abin da Baba ke yi ba addini ba ne. To ran Talata da ta wuce aradu ta faɗa wa ɗanshi Sule a gona, yana tsakiyar noma. Saurayi ne, bana ake shirin yi mishi aure. Nan take ya cika.

Ka san al'ada. Wanda aradu ta kashe ba a taɓa shi sai ƴan bori sun zo sun yi wasa, Dango mai aradu ya hau wani ya faɗi dalili, a tono gatarin a yayyafa madara, sannan a ɗauka. Wanda ya taɓa kafin nan, an ce aradu za ta bi shi har gida. Malam Isufu ya ce shi bai san da wannan ba, ɗanshi Musulmi ne, kafin faɗuwar rana zai rufe shi. Ya ɗauko likkafani ya nufi gona. Da labari ya iso wa Baba, sai ya aika wa kumandan, kumandan ya turo gardi, dakarunshi, da bindigogi sunka kewaye gawar.

Yaya, ni na san akwai hanya mai sauƙi. Kakanmu in abin ya faɗa gidan malamai, madara kawai yake yayyafawa ya ce su ɗauki abinsu. Na tuna wa Baba haka, Magagi mai gogenshi ma ya tuna mishi. Ya ce wanga karon sai an yi shi cikakke, gari ya gani. Anka yi ta goge har rana ta faɗi, Dango bai hau kowa ba. Tun da bai zo ba, ba dama a ɗauka. Gawar Sule ta kwana a gona, ruwa ya sake dukan ta, washegari rana ta buɗe a kanta. Ni na kai wa masu wasa fura, da idona na ga Malam Isufu zaune a bakin gona da likkafani a cinya. Ba a barin shi ya matsa, sai dai ya ɗauki hoge yana jifan ungulaye daga nesa. Sai bayan la'asar ta rana ta biyu iskan ya sauka anka ba shi ɗanshi, kuma a yadda anka ba shi ba zan iya rubuta maka ba.

Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Da sunka ɗauki makara ya tsaya gaban Baba, jama'a na ji, ya ce: "Baƙo, kai ma za ka kwana a ƙasa. Ranar da ka mutu ba hannun Musulmin da zai taɓa ka."

Baba ya yi dariya, gardi ma sunka yi. Ni ban yi ba, tsoro nake ji. Baba yana salla, yana azumi, kai ma shaida ne, kuma duk abin da yake yi bai taɓa tunanin za a rufe shi ba salla ba. Ni mace ce, ba ni wanke namiji, ba ni bin makara. Kai ne ɗanshi namiji tilo. Na san abin bori ne ya kore ka daga gida, ban ce ka dawo ka gaje shi ba. Abu guda nake roƙo, ka yi mini alkawari in ranar ta matso za ka zo.

Ka gaida Fati da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Dijatu

Filinge, 20 ga Janairu, 1986

Yayana Ibrah,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida iyali. Ina fata ciwon bayan da ka ce ya yi sauƙi. Shinkafar da ka aiko lokacin yunwa ta iso, Allah ya saka, ta rufa mana asiri ƙwarai. Ka ce in kwantar da hankalina, maganar malam zafin rashi ne, kuma in Allah ya kai mu za ka zo. To na riƙe wannan.

Fari ya taɓa kowa, amma ƴan bori ya fi taɓawa. Da ruwa ya ƙi, kumandan ya sa anka tara su duka a filin samariya, wurin taron matasa, su yi roƙon ruwa, har da lasifika. Baba ya ce mishi ba haka ake yi ba, abin yana da lokacinshi da wurinshi, ba a kiran iska kamar ana kiran soja fareti. Kumandan ya ce umurni ne. Anka yanka baƙin bunsuru, anka yi wasa har muryoyi sunka dushe, gari duka na kallo. Ko ɗigo. Da a gindin tsamiyarsu sunka yi shi shiru, ba wanda zai ƙirga musu. Yanzu ko yaran lakwal in sun ga Baba sai su ɗaga kai sama su yi ta ƙyafta wa juna ido.

Bayan haka sai anka ce daga sama ana son kowace sana'a ta zama ƙungiya mai takarda. Anka yi wa ƴan bori katin shaida da hoto, anka ce sai an sami shugaba wanda ke jin Faransanci don zaman biro. Baba ba ya ji. Magagi ya yi lakwal kaɗan, sai anka naɗa shi. Baba ya ce ba komi, takarda ce kawai, iskoki ba su karatu. To iskoki ba su karatu, amma buhunan taimako da takarda ake raba su, kuma ta hannun Magagi sunka biyo. Na Sanam da na Abala yanzu in sun shigo gari gidan Magagi suke fara sauka, sai sun ci sun ƙoshi su leƙo su gaida Baba a tsaye. Mutumin da ya shekara ashirin yana zama a ƙasa gaban Baba da gogenshi, yau shi ke aiko yaro ya ce Baba ya zo taro.

An kuma canja kumandan. Sabon bai san Baba ba, matarshi lafiyarta ƙalau. Ran feti da ta wuce munka je da babbar riga, ba kujera.

Malam Isufu kuwa tun daga ranar nan bai sake noma gonar ba, ta zama saura. Amma makarantarshi ta cika, har manya na zuwa karatu da safe. Da yawa cikin waɗanda sunka tsaya kallo a bakin gona ran nan, yanzu su ne a gabanshi. In mun haɗu a hanya yakan amsa gaisuwata, ba ya ƙarawa.

Baba ya gaishe ka, ko da yake bai ce in rubuta ba. A shafa mini kan yara.

Taka,
Dijatu

Filinge, 2 ga Nuwamba, 1993

Zuwa ga Yaya Ibrah.

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ina fata kuna lafiya, ya jikin Fati bayan haihuwa? Allah ya raya. Na ji ka sa wa yaron sunan Baba. Ya ji daɗi, ya yi ta maimaitawa, har ya ce a kawo mishi shi ya gani. Na ce mishi uban yaron ma ba mu gan shi ba, balle jariri.

Kada ka ji haushi, gaskiya ce. Ka ce bayan azumi, azumi ya wuce. Ka ce bayan Layya, an ci nama an siɗe hannu. Shekara nawa ke nan kana auna mini hanya da baki?

Ƙungiya dai ta ƙare, in gaya maka a taƙaice. Da soja sunka sauka anka shiga siyasa, kowane parti ya zo neman ƴan bori, ba don Allah ba, don a yi musu wasa a taro jama'a ta cika. Magagi ya bi wani parti da rabin mutane, na Abala sunka bi wani. Har ta kai a wuri guda iskan wannan ɓangare ya ce ga wanda zai ci zaɓe, iskan wancan ya ce ƙarya ne. Kai ka ji, Dango biyu a gari guda, kowane da tutarshi. Mutane sunka yi dariya har da riƙe ciki. Baba ya ƙi bin kowa, sai kowa ya bar shi. Da anka gama zaɓe ƴan siyasa sunka watse, ba wanda ya sake waiwayar su. Magagi da kanshi ya sayar da goge, ya bar gemu, yanzu a sahun gaba yake salla. Waɗanda sunka rage wa Baba tsofaffin mata ne, su Inna Muna, masu zuwa ran Laraba su share gindin tsamiya.

A daminar bana aradu ta faɗa wa rumbun wani a hanyar Damana. Baba ya sa riga ya zauna a zaure da ƙwaryar madara yana jiran a zo kiran shi. Ba wanda ya zo. Mutanen sunka kashe wutarsu da kansu, sunka kwashe hatsin da ya tsira sunka ci, kuma ga su nan da ransu har yau. Madarar ni na dama fura da ita da yamma.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Unguwa ta gina sabon masallaci, kuma Malam Isufu ne liman. Duk gawar da ta fita daga unguwar nan shi ke mata salla, masu wanka da masu haƙa kabari duk mutanenshi ne. Baba kuma jiki ya ƙi. Ƙafafunshi sun kumbura, likita ya ce zuciya ce, a rage gishiri, a rage tunani. Gishirin dai na rage.

Shi ma abin yana ranshi, na sani, ko da ba ya faɗa. Wata Juma'a ya ce in fiddo mishi farar riga, ya dogara sanda ya tafi masallacin. Ban bi shi ba, amma Inna Muna ta gani daga wajen mata. Ta ce da ya shiga sahu, na damanshi ya matsa, na hagunshi ya matsa, ya yi salla shi kaɗai da fili a kowane gefe. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ba shi hannu. Ya dawo ya kwanta, bai sake zuwa ba.

Na ce mishi ya je gidan malam ya ba shi haƙuri, baki shi ke yanka wuya, shi ke kuma ceton shi. Ya ce shi al'ada ya bi, bai kashe kowa ba. Na ce al'adar tana da ƙaramar ƙofa, shi ya zaɓi babba. Ya juya mini baya. Ka san shi, ko zai mutu ba ya cewa na yi kuskure. Sai na tafi da kaina wurin Mariama matar malam, na durƙusa na yi kuka. Ta tashe ni, ta ba ni ruwa, ta ce ita ba ta da abin cewa, tun ranar nan malam bai sake ambaton sunan Sule a gidan ba, kuma ba a kawo mishi zancen Baƙo.

Yaya, ba kuɗi nake so ba, ba shinkafa ba. In kana nan, ko ba wanda ya zo, kai ka wanke shi, ka nemi mutum biyu uku ku yi mishi salla ku rufe shi. In ba ka nan ban san abin da zan yi ba. Wallahi har mafarkin ungulaye nake yi. Ka zo don Allah.

Ina gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Dijatu

Filinge, 14 ga Afrilu, 1995

Yaya Ibrah,

Ina gaishe ka, ina gaida Fati da yara, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya. Na san saƙon waya ya riske ka, na kuma ji ka ce in rubuto maka yadda anka yi. To ga shi.

Baba ya cika ran Litinin da hantsi. Ya sha kunu, ya ce in gyara mishi matashi, ina gyarawa ya tafi. Kalmar shahada ce ƙarshen maganarshi, ni na ji da kunnena, ka riƙe wannan ko wa zai ce maka wani abu. Na rufe mishi ido, na ja zane na lulluɓe shi, iyakar abin da mace za ta iya ke nan.

Na aika gida gida. Na aika wa Magagi, ya ce ƙafa ke mishi ciwo. Su Inna Muna sunka zo sunka zauna da ni a tsakar gida, tsofaffi da ba su iya ɗaga tulu. Maza kuwa sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun cika bakin titi ƙofar gidanmu, har da waɗanda Baba ya yi wa magani da waɗanda sunka ci tuwona shekara da shekaru. Amma ba wanda ya tsallaka zaure. Kowa ya tsaya yana kallon hanyar masallaci, ana jiran a ga abin da liman zai yi. Liman kuma ya shiga ɗaki tun da labari ya same shi, ya rufe ƙofa.

Ka san zafin Afrilu a garin nan. Rana ta take, ɗakin ya zama kamar tanda. Na jiƙa buhu na rataya a taga, ina yi wa Baba fifita ina korar ƙuda. Na fita zaure na roƙe su da sunayensu ɗaya ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Na zage su, Allah ya yafe mini, na ce da kumandan na nan da kun shigo da gudu. Har na ce wa Inna Muna in la'asar ta yi ba kowa, ni zan wanke ubana in haƙa rami a bayan ɗaki, duk abin da za a ce a ce.

Anka kira azahar, malam ya fito ya ba da salla. Da anka sallame bai koma gida ba. Sai ga shi ya miƙo hanyarmu, da bokiti a hannu guda, sabulu da turare a ɗayan, shi kaɗai. Ya tsufa, Yaya, tafiyar ma da ƙyar. Mutane sunka dare mishi. Ya yi sallama a zauren da bai taɓa takawa ba, na amsa, na durƙusa.

Ya ce: "Dijatu, tun safe nake zaune ina so in cika maganata. Ban yafe mishi ba, wannan sai mun tsaya gaban Allah. Amma ni na san yadda uba ke ji in gawa ta kwana a ƙasa, ban ga dalilin da ɗiya za ta sani ba. Nuna mini ɗakin."

Ya leƙa waje ya kira mutum biyu su zuba mishi ruwa, sunka shigo. Shi ya wanke Baba da hannunshi. Farin yadin da ka aiko bara, wanda na yi fushi na jefa ƙarƙashin gado, shi anka yanka anka yi likkafani, ka ga ka yi wani abin. Da anka fito da makara sai ga titi ya cika, kowa na neman ya sa kafaɗa, har Magagi ƙafa ta warke. Malam ya yi mishi salla a ƙofar gida. Waɗanda sunka je maƙabarta sun ce da anka tambaya ina ɗanshi ya shiga ya karɓe shi, sai malam ya tattare riga ya sauka cikin kabarin. Kafin la'asar an rufe Baba.

Bai zauna zaman makoki ba, bai karɓi godiya ba. Na je gidanshi washegari, Mariama ta ce yana kwance, bai ci komi ba tun jiya, in bar shi.

Kayan bori suna nan a ɗaki, ba wanda ya zo neman su, ba wanda ya yi zancen naɗa wani. Su Inna Muna sun ce daga Baƙo an rufe.

Mutane na tambayata ina ɗanshi, ina ce musu hanya ce da nisa. Ka ce za ka zo sadakar arba'in. Ban ce kada ka zo ba, gidan ubanka ne. Amma in ka sauka daga mota, kafin ka shigo wurina ka fara zuwa bayan mahauta ka gaida Malam Isufu, don shi ya tsaya inda ya kamata ka tsaya. Ka gaishe shi kawai ka tashi. Kada ka roƙe shi ya yafe wa Baba, ya riga ya faɗa bai yafe ba, kuma ni ban ga laifinshi ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan Sule. A gaida yara.

Ƙanwarka,
Dijatu Baƙo